Mara lafiyar da ba shi da mai jinya: amsa ga samarin wata fada a Bukoki

"Assalamu alaikum. Mu samari ne 'yan wata fada, wato majalisar hira, a unguwar Bukoki, nan Yamai. Kusa da inda muke zama akwai mutanen da ke kwana a bakin shaguna da ƙarƙashin teburan 'yan kasuwa, cikinsu har da yara da wani dattijo wanda ƙafarsa ta kumbura tana fitar da ruwa. Muna son mu wayar da kan mutanen unguwa game da lafiyarsu. Wasunmu sun ce mu tara kuɗi mu sayi magunguna mu rarraba ranar Juma'a, wasu kuma sun ce mu kafa rumfa mu ɗauko lasifika mu shirya taro. A matsayinka na ma'aikacin lafiya, wanne ya fi, kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka muku da alheri, kai da abokanka, domin mutane da yawa suna wucewa ta gaban waɗannan bayin Allah safe da yamma ba tare da sun taɓa tambayar kansu inda suke zuwa idan ciwo ya kama su ba. Idan na fahimce ka, tambayarka gida biyu ce: kana son sanin abin da ya kamata a faɗa wa mutanen unguwa, kana kuma son sanin abin da ya kamata ku yi da hannunku. Na yi shekaru ina aikin jinya, da farko a ƙananan asibitocin unguwa da muke kira CSI, daga baya kuma a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne, mai kwana a titi ba rashin magani ne ya fi kashe shi ba, rashin mai jinya ne. A kan wannan zan gina amsata.

Su wane ne masu kwanan waje a Yamai

Kafin a wayar da kan kowa, ya kamata ku san cewa mutanen da kuke gani ba iri ɗaya ba ne, ko da yake tabarma ɗaya ko kwali ɗaya ya haɗa su. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa bayan an gama girbi, su yi dako a kasuwar Katako ko ta Wadata ko Babbar Kasuwa, su tura kurar ruwa, su kwana inda dare ya same su don kada kuɗin haya ya cinye abin da za su aika gida. Akwai almajirai, waɗanda suna da malami da makaranta amma sau da yawa makwancinsu zaure ne ko kango. Akwai yaran da suka baro gida gaba ɗaya, wasunsu suna shaƙar sholisho ko shan tramol don su manta da yunwa da sanyi. Akwai mata masu goyo da suka zo bara, akwai masu taɓin hankali da danginsu suka gaji ko suka ɓace musu, akwai waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan jihar Tilaberi. Sannan akwai waɗanda ruwa ya raba da gidajensu: a watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya ɓalle ya shiga unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoy, a daminar 2024 kuma ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Wanda ya kwana a ɗakinsa bara yana iya kwana a rumfa bana, kuma wannan magana ce da ya kamata mutanen unguwa su ji da kunnensu.

Ciwonsu yana bin lokaci. Da damina masassarar cizon sauro ce da zawo, domin ba gidan sauro ba ruwa mai tsabta. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tari ne da ciwon haƙarƙari da faso mai zama gyambo. Da bazara, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙishirwa ce da sanƙarau; waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 2015 a wannan gari ba za su manta da ita ba. Ƙazuwa da makero da raunin ƙusa ko kwalba kuwa ba su da lokaci, haka ma fitsarin jini ga yaran da ke wanka a kogi.

Abin da ke tsayar da su a bakin ƙofar asibiti

Mutane suna zaton kuɗi ne kaɗai matsalar. Kuɗi matsala ne, amma a kan takarda an sauƙaƙa abubuwa da dama. Tun 2006 aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta a asibitocin gwamnati. Maganin tarin fuka kyauta ne, maganin ƙanjamau ma haka. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi. Akwai kuma ofishin jin ƙai a manyan asibitoci, da takardar shaidar rashin hali da ake nema ta ma'aikatar magajin gari. Gaskiya ne wani lokaci maganin kyautar yakan yanke a kantin asibiti, sai a rubuta wa mutum takarda ya je farmasi, amma duk da haka ƙofar ba a rufe take ba kamar yadda ake zato.

Sai dai tsarin asibitocinmu gaba ɗaya an gina shi ne a kan zaton cewa kowane mara lafiya yana da wani a bayansa. Mai jinya ne ke bin layi ya yanki tikiti, shi ke kai jini ɗakin awo ya koma ya karɓo sakamako, shi ke zuwa farmasi da takardar magani, shi ke kawo kunu, shi ke wanke zane, shi ke tashin ma'aikacin dare idan ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Ni da kai ba ma lura da wannan aiki domin uwa ko mata ko ƙane suna yi mana shi ba tare da an roƙe su ba. Wanda ba shi da kowa kuwa, ko an kai shi har kan gado, aikin yakan tsaya cik.

Na ga wannan da idona a wani asibitin da na yi aiki. 'Yan kwana-kwana suka kawo wani mutum da suka ɗauko a bakin titi da la'asar, jikinsa kamar wuta. Likita ya duba shi, ya rubuta magani, aka miƙa masa takardar, aka juya ga na gaba domin layi ya yi tsawo. Da na karɓi aikin dare, sai na same shi a kan benci, takardar tana nan a dunƙule cikin hannunsa, gumi ya jiƙa ta har rubutun ya fara narkewa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi, amma awa biyar ba a yi masa komai ba, saboda kowa yana jiran danginsa su zo da maganin. Mu ma'aikatan dare muka haɗa abin da ke aljihunmu, Allah ya sa ya tashi, amma tun daga ranar na daina ɗaukar kalmar "an kai shi asibiti" a matsayin ƙarshen labari.

Bayan wannan akwai kunya da tsoro. Mutumin da ya yi mako biyu bai sami wurin wanka ba ya san mutane za su ja jiki idan ya zauna kusa da su a layi. Ɗan dako ya san cewa yinin da ya yi a asibiti yini ne da ba zai ci abinci ba. Mai bara yana tsoron duk wanda ya zo da biro da takarda, domin a wurinsa rubuta suna yana nufin kamu ko mayarwa ƙauye. Idan ba ku fahimci waɗannan ba, za ku yi ta mamakin dalilin da ya sa wanda kuka ba kuɗin mota bai je ba.

Maganar rarraba magani ranar Juma'a

Wannan shawara niyyarta mai kyau ce, amma ina roƙonku kada ku yi ta. Magani ba sadakar hatsi ba ne da kowa zai amfana da abin da ya samu. Zafin jiki yana iya zama masassarar sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama sanƙarau, kuma awon jinin da ke bambance masassarar sauro bai fi minti 20 ba a CSI. Idan kun ba mai sanƙarau farasitamol ya kwanta, kun ɓata masa yinin da ya fi kowane yini muhimmanci. Idan kun ba mai tari kafso biyu ya sha ya daina, ba ku warkar da shi ba, kun koya wa ƙwayar cutar jure magani. Ban da haka, wanda ke jin yunwa zai sayar da maganin ga mai tallar magani a kan tire, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da za ku iya rarrabawa da hannunku ba tare da tsoro ba shi ne sabulu, da takalmin roba, da bargo da hunturu, da gidan sauro ga wanda ke da inda zai ɗaura, da ƙunshin gishirin zawo wanda ake zubawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Takalmi kaɗai yana hana raunuka da yawa waɗanda nake wankewa kowane mako. Kuɗin da kuka so ku kashe a kan kwalayen magani kuwa, ku ajiye shi a asusun fada, a hannun mutum biyu da littafi, don biyan tikiti da awo da takardar farmasi ta mutumin da likita ya riga ya duba. Jika goma da aka kashe ta wannan hanya ta fi jika hamsin da aka watsa a bakin masallaci.

Wa za a wayar wa kai, kuma da wace magana

Taron rumfa da lasifika ba laifi ba ne, sai dai yakan tara waɗanda suka zo kallo, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. A ganina mutanen da kuke bukata ba su fi ashirin ba a unguwarku, kuma ba sa zuwa taro domin suna bakin sana'arsu: mai shayi, mai tuwo, mai gadi, ladan, mai wankin mota, sarkin tasha, shugaban 'yan dako, malamin allo. Waɗannan su ne suka san wanda bai fito ba yau, da wanda ya bar rabin kokonsa, da wanda tarinsa ya hana maƙwabta barci. Ku je musu ɗaya bayan ɗaya, bayan kun fara gaida mai unguwa da liman kun sanar da su niyyarku, domin aikin da aka fara ba tare da saninsu ba ba ya nisa. Sannan ku je CSI ɗin da ya fi kusa da ku, ku nemi ganin majo, wato shugaban ma'aikatan asibitin, ku gabatar da kanku, ku tambaye shi wane ne wakilin lafiya na unguwarku da kuma lokacin da layi ya fi sauƙi.

Maganar da za ku kai musu kada ta yi yawa. Ta farko ita ce alamomin da ba a jira da su: zafin jiki tare da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, numfashi da ƙyar, zawo kamar ruwan shinkafa, jijjiga da ta wuce minti 5, mace mai ciki da ke zubar da jini, yaron da ya kasa sha ko ƙafafunsa biyu suka kumbura saboda tamowa. A irin wannan hali a kira lamba 18 ta 'yan kwana-kwana ko lamba 15 ta motar gaggawa, kuma wani ya bi motar. Ta biyu ita ce tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da gumin dare, a kai mai shi awon majina. Ta uku kuwa ita ce gyara wasu abubuwan da aka gada. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta miyau, ba a kuma cusa wa mai ita cokali a baki ko a ɗura masa ruwa. A kawar da shi daga wuta da titi, a kwantar da shi ta gefe, kuma akwai ƙwaya mai araha da ke hana ta tashi idan ana sha kullum. Cizon kare kuma a wanke shi da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Idan liman ya yarda ya taɓo batun a huɗuba ko bayan sallar magariba, ku roƙe shi ya tsaya a kan haƙƙin maƙwabci da falalar duba mara lafiya, ya kuma faɗa a fili cewa wanda ya shekara yana kwana a ƙofar shagonka maƙwabcinka ne. Mutanenmu ba su da rowar sadaka. Za ka ga mai miƙa dala ashirin ta tagar mota kowace safiya. Abin da ba a saba da shi ba shi ne a ba da awa biyu na lokaci, kuma can ne ya kamata wa'azin ya nufa.

Yadda rakiya take a aikace

Bari in ba ka misalin da ya fi tsaya mini a rai. Wani ɗan dako da ke kwana a wajen Katako ya zo mana da tarin da ya yi wata uku, awo ya nuna tarin fuka ne. Maganin wata 6 ne, ana shan shi kullum ba fashi, kuma mun san irinsa da yawa sukan ɓace da zarar sun ji sauƙi a wata na biyu. Wanda ya rako shi wani mai shayi ne, ba danginsa ba, garinsu ma ba ɗaya ba. Muka yi shawara mai shayin ya riƙe maganin. Ya sa shi cikin gwangwanin madara mai murfi a ƙarƙashin teburinsa, kowace asuba kafin ruwa ya tafasa sai ya miƙa masa ƙwayoyin ya haɗiye a gabansa da cikin da ba komai, ya ja layi da gawayi a jikin wani kwali, bayan an jima kuma ya ba shi shayi da burodi. A makon farko ɗan dakon ya ga fitsarinsa ya koma ja, ya tsorata ya ƙi sha kwana biyu. Mai shayin ya bar teburinsa a hannun yaronsa ya zo ya same ni, na bayyana masa cewa ɗaya daga cikin magungunan ne ke rina fitsari haka, ba jini ba ne, kuma laifinmu ne da ba mu faɗa tun farko ba. Aka ci gaba har wata shida suka cika, kwalin ya cika da layuka gaba da baya.

Wannan shi ne aikin da nake so fadarku ta ɗauka. Ku raba kanku bibbiyu, kowane mako a san masu rakiya. Ku fara da gaisuwa da hira kwana da kwanaki kafin ku yi maganar asibiti, ku tambayi mutum sunansa da garinsu da ko yana da wanda za a kira. Kada ku kai kowa da ƙarfi matuƙar yana cikin hankalinsa, kada kuma ku ɗauki hotonsa ku sa a Facebook ko WhatsApp don neman taimako. Talauci bai cire masa mutunci ba, kuma danginsa a ƙauye suna da waya. Kafin tafiya ku samar masa ruwan wanka da riga, domin wannan kaɗai yana canza yadda za a karɓe shi. Katin asibitinsa ku ajiye a wurin wanda aka amince da shi, saboda ruwan sama da ɓarayin dare ba sa barin takarda a jikin mai kwanan waje. Ku kuma tuna cewa maganin masassara na kwana uku ana shan shi safe da yamma tare da abinci, don haka wanda ya ɗauki nauyin magani ya ɗauki nauyin kwanon abinci na waɗannan kwanaki.

Game da mata, ku nemi iyayenku mata ko wata ƙungiyar adashi ta unguwa su shiga, domin akwai abin da mace mai kwana a waje ba za ta taɓa faɗa wa saurayi ba, kuma bai dace ku matsa mata ba. Game da almajirai kuma, ta hannun malaminsu za ku bi, cikin ladabi. Ƙazuwa idan ta shiga makaranta, shafa wa yaro ɗaya magani ɓata lokaci ne. Sai an yi wa duka rana ɗaya, an wanke tufafi da tabarmi an shanya a rana, kuma wannan ba ya yiwuwa sai malam ya ce a yi.

Inda ƙarfinku da nawa yake tsayawa

Ba zan ɓoye maka ba, rakiya ba ta ba mutum ɗaki. Na sha wanke gyambo ya kusa rufewa, mai shi ya koma cikin caɓi ya dawo mini da shi ɗanye. Wasu za su karɓi taimakonku yau su ɓace gobe, wasu za su zarge ku da cin kuɗi da sunansu, shi ya sa na ce a riƙe littafi. Masu taɓin hankali da yaran da ƙwaya ta kama sun fi ƙarfin fada, sun ma fi ƙarfina ni ma'aikacin jinya. Akwai sashen masu taɓin hankali a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, kuma hanyar da ta dace ita ce a bi ta majo da ofishin jin ƙai, a yi ƙoƙarin gano dangi, ba a ɗaure mutum ko a yi masa taron dangi ba. Ku ma ku kiyaye kanku: ku sa safar hannu idan za ku taɓa rauni, ku zauna da mai tari a sarari inda iska ke kaɗawa, kada kuma mutum ɗaya ya fita zagayen dare shi kaɗai.

Dattijon da ka ambata kuwa, da shi za ku fara, kuma kada ya wuce gobe. Ba zan iya faɗin abin da ke damun ƙafarsa daga nesa ba, amma ƙafar da ta kumbura tana fitar da ruwa a jikin tsoho tana iya zama gyambon da ya ci ƙasa, tana iya zama alamar ciwon suga ko na zuciya ko na ƙoda, kuma kowanne yana bukatar a auna hawan jini da suga, a duba raunin, a yi masa allurar tetanus idan akwai tsaga. Kada ku bari a zuba masa toka ko man birki ko garin kafso. Ku gaishe shi yau da daddare ku nemi yardarsa, ku tanadi ruwan wanka da wando mai faɗi, mutum biyu su ɗauko shi a taksi da ƙarfe bakwai na safe kafin layi ya taru. Idan aka ce za a riƙa wanke ƙafar bayan kowane kwana biyu, ku rubuta sunayen masu kai shi na mako huɗu masu zuwa tun kafin ku baro asibitin, ku ba majo lambar wayar ɗaya daga cikinku.